Shekarar da Dundumi Ya Kai Ni Wurno

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya ba mu ido ba tare da mun roƙa ba, Ya kuma mayar mini da nawa bayan na fara fid da rai.

Sunana Kulu, ina aure a Tursa ta ƙasar Rabah, maigidana manomi ne. Abin da zan ba ku labari ya same ni ne ina ɗauke da cikina na biyu, zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune a Wurno. Mu uku ne a gidan, ni da maigida da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ɗan farina yana wajen iyayena tun da aka yaye shi. Ina faɗar wannan ne saboda mata masu ciki da iyayen 'yan yaye, don kada su ɓata lokacin da muka ɓata.

Daminar da ta gabaci wannan lokaci ba ta yi albarka ba. Gero ya ɗan samu, dawa kuwa ta ƙone a tsaye. Fadama ta bushe da wuri, Fulanin da ke sauka bayan gari suka kora shanunsu kudu tun sanyi bai wuce ba. Ba zan yi wa Allah butulci in ce mun kwana da yunwa ba, rumbunmu bai ƙare ba. Amma abin da ke shiga cikinmu iri ɗaya ne kullum, fura da ruwan tsamiya da rana, tuwo da busasshiyar kuka da dare. Nono ya zama sai labari, man shanu kuwa har na manta ƙamshinsa.

Da bazara ta kama, wata rana bayan sallar magariba na ɗauko akushin maigida daga madafa, na fito tsakar gida, sai gidan ya ɓace mini. Na san akwai sauran haske, don ina jin yara suna ta wasa a waje. Amma ni kamar an kifa mini tukunya a kai. Na dinga jan ƙafa ina laluben bango. Can na ga alamar wani abu a tsugune gindin rumbu, na ɗauka Inna ce, na rusuna na ce, "Sannu da hutawa, Inna." Shiru. Na sake gaisarwa, na ɗaga murya, don wani lokaci kunnenta kan yi nauyi. Sai na ji dariyarta daga bayana.

"Turmi na kike gaisuwa, ɗiyata. In ya amsa ki hwaɗa min."

Muka yi ta dariya har maigida ya leƙo yana tambayar abin da ya faru. Da gari ya waye na ga komai garau, har zare na zura a allura. Da rana ta faɗi abin ya dawo. Inna ta ce dundumi ne, masu ciki kan yi shi, in na haihu zai wuce. Makon farko dai abin dariya ne a gidanmu. Na taka jelar kare, na zauna a cikin ƙwaryar gari, na miƙa wa maigida butar alwala a maimakon ruwan sha. Na koyi gama aikina tun la'asar, in shige ɗaki tare da kaji.

Daga baya dariyar ta ragu. Idon ya fara bushewa, ina jin kamar an watsa mini rairayi. Hayaƙin murhu ya shiga ya yi ta zafi, amma hawaye ba ya zuwa. Fatar hannuwana da cinyoyina ta yi kaushi da ƙananan ƙuraje, kamar ta kazar da aka fige. Wata safiya Inna ta riƙe haɓata ta juya fuskata wajen rana, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sake ni. Sai daga baya na ji tana gaya wa maigida cewa akwai wani fari-fari kamar kumfa a gefen ƙwayar. A unguwarmu akwai wata mata da ta fara da haka tana goyo, idanun biyu suka yi fari fat, da sanda ake jan ta. Kowa a gidan ya tuna da ita, ba wanda ya ambaci sunanta.

Daga nan 'yan uwa suka yi mana caa da shawara. Goggona ta zo daga Rabah da wani kwalli da ta ce daga gabas aka kawo shi. Na shafa, idon ya yi ja kamar gauta. Maƙwabciyarmu ta ce iskar tsamiyar bakin rijiya ce ta shafe ni da almuru, aka lulluɓe ni da zane aka yi mini turare har na kusa shiɗewa. Kawun maigida ya ce mugun jini ne ya taru a kai, aka kira wanzami ya yi mini tsaga a gefen idanu, ga tabon nan har yau, ya tafi da zakaranmu. Limamin unguwa ya ba ni rubutu na sha, wannan kam ya kwantar mini da zuciya, na samu barci. Duk waɗannan mutane don ƙauna suka yi, ina musu addu'a. Amma ina ƙorafi a kan wanzami, don ya ga kumfar nan da idonsa, ya ce ba komai ba ne, kwantsa ce.

Muna cikin haka wani ɗan uwan maigida mai fataucin gishiri ya sauka gidanmu. Ya ce a Wurno akwai wani malami mai suna Malam Buhari, wanda ya karanta littattafan magani, kuma yanzu yana cigiyar masu dundumi, duk inda suke a kawo masa su.

Inna ta taɓe baki ta ce, "Mai magani ke neman mara lahiya? Ni ban taɓa jin haka ba. Mi zai yi da su?"

Maigida ya ce, "Ko mi zai yi da su, Inna, ya hi zaman da muke yi."

Lokacin sharar gona ne, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Maigida ya bar gonarsa a hannun ƙanensa, ya aro jaki ya ɗora ni, ya ja akuyarmu da igiya. Inna ta ce ba inda za a kai mata suruka da ciki ba tare da ita ba, ta ɗaura ƙullinta a kai ta yi gaba. Muka fita da asuba, muka shiga ƙofar Wurno rana ta yi sanyi. Na samu na ga ganuwa da fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashin tudu kafin duhuna ya sauko. Muka sauka gidan wata 'yar uwar Inna kusa da marina.

Gidan Malam Buhari ba ya ɓata wa baƙo, don tun daga nesa ake ganin mutane. Maza suna zaune gindin wata ceɗiya a ƙofar zaure, mata a ciki. Akwai masu basir, akwai masu shawara da idonsu ya yi ruwan ɗorawa, akwai masu tari. Ranar farko muka yini ba a zo kanmu ba. Ga zafi, ga ciki, ga ruwan sha sai an saya. Abin da ke jawo daɗewar kuwa Malam ne da kansa. Ba ya sallamar mutum da wuri. Wanda ya shiga sai ka ɗauka ya samu wurin kwana.

A wurin jiran nan na san Ige, wata mata daga Marnona. Ita ma dundumi take yi, tana goyon jaririya, ga kuma ɗanta Sambo da bai daɗe da barin nono ba. Yaron ya rame, yana zawo, yana kwance a cinyarta ya ƙi buɗe ido. Muka raba tabarma ɗaya da ita, muka raba fura, kafin la'asar mun san tarihin juna.

Kashegari da hantsi aka kira mu. Matar Malam, Goggo Aisa, wata doguwar dattijuwa mai fara'a, ita ke duba mata. Ta zaunar da ni a hasken rana ta buɗe idona da yatsunta, ta shafa fatar hannuna, tana faɗar abin da ta gani da ƙarfi. Malam yana zaune bakin ƙofa ta bayan asabari tare da maigida, yana sauraro yana tambaya. Muryarsa a hankali take, kamar mai koya wa yara karatu.

Ya tambayi lokacin da abin ya fara, kafin zafi ne ko bayan ya kama. Ya tambayi watannin cikin. Ya tambaya ko hawaye na zuwa. Sannan ya koma kan abinci ya zauna.

"Mi kuke ci da sahe? Da rana hwa? Miyar mi? Ɗanyen ganye ko busasshe? Yaushe rabonki da nono? Da man shanu hwa? Kihi na zuwa garinku?"

Ya tambaya ko maigida ma na yin dundumin, aka ce a'a. Ya tambaya ko maigida kan ci wani abu a kasuwa wanda ba a ci a gida. Maigida ya yi 'yar dariya ya ce ranar kasuwa dai yakan tsaya wajen mai tsire. Inna ta kasa haƙuri.

"Allah shi gahwarta Malam, magani munka zo nema. Tun ɗazu tambayar miya ake yi muna."

Na ji Malam yana dariya a bayan asabari. Ya ce, "Kin yi gaskiya, Inna. Bari in hwaɗa maku abin da ya sa."

Ya ce ya yi shekaru yana bin wannan ciwo. A littattafai ana ce masa asha. Wannan kalma ta zauna mini, don ban taɓa jin ciwona da sunan Larabci ba. Ya ce abin da ya fara lura da shi shi ne dundumi ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da bushewar ido, da kaushin fata, da kumfar nan, a yara kuma har da zawo da tari. Mutane suna ɗaukar kowanne ciwo dabam, su nemi maganinsa dabam, shi kuwa yana zaton abu ɗaya ne mai fuska da yawa. Ya lura da bazara yake yawa, in ruwa ya sauka ya ragu. Ya fi kama masu ciki da masu goyo da 'yan yaye. Ya hau jaki ya je Goronyo ya zauna cikin masunta yana tambaya, da ƙyar ya samu mai yi. Ya bi rugage ya tambayi Fulani, wasu ma sai da ya kwatanta musu ciwon kafin su gane abin da yake nufi.

"Littattahai sun ambaci hantar akuya," in ji shi. "A gasa, a ɗiga ruwanta ga ido, a turara tururinta, a ci namanta. Na gwada dut ukun tare, suna aiki. Amma ba ni ɓoye maku, ban san wane na ke aikin ba. In ɗigawa ta, to hanta guda ta ishi gidaje da yawa, talaka ya huta. In kuwa ci na, to ciwon ba ga ido ya hwara ba, daga ciki yake tasowa, kuma ana iya tare shi tun bai zo ba."

Ya ce yana so wasu daga cikinmu su ɗiga su turara kawai, wasu su ci kawai, a ga abin da zai faru. Kowa ta zaɓa da kanta, wadda ba ta so kuma a ba ta duka ukun ta tafi, ba laifi. Ya yi alkawari da zarar ya ga ɓangare ɗaya ya samu sauƙi, ba zai bar ɗayan yana jira ba. Yara irin su Sambo da idonsu ya riga ya yi miki ya ce ba a gwaji da su, duka za a yi musu tun a ranar.

Ni zaɓi bai yi mini wuya ba. Tun da na samu cikin nan, ko ƙaurin nama na ji sai amai. Na ce ɗigawa. Ige ta ce ita ci za ta yi, ta ƙara da cewa rabonta da hanta tun babbar sallah, ba za ta ga an gasa a gabanta ta tsaya ɗiga wa ido ba.

Haka muka shiga jinya. Maigida ya sayar da akuyar da muka zo da ita. Inna ta ce ba ta taɓa ganin inda aka sayar da akuya sukutum don a sayi hantar wata akuya ba. Kullum da safe ya tafi wajen mahauta, su kuma da suka ga mutanen Malam sun yi yawa sai suka ɗaga farashi, wannan ma ina ƙorafinsa. Inna ta gasa a kan garwashi, in kumfa ta taso ta dangwala da auduga ta ɗiga mini. Sannan in toshe hanci in sunkuya a kan tururin, zane a kaina, ina ƙoƙarin riƙe cikina. Da an gama, sai a rasa yadda za a yi da hantar. Malam ya ce kada in ci, Inna ba ta da haƙoran kirki, zubarwa kuma almubazzaranci ne. Maigida ya ce shi zai ɗauki wannan wahala. Ya zauna ya barbaɗa yaji ya cinye, yana yi mini sannu da jiki. Kafin mako ya zagayo kumatunsa sun fara sheƙi, har Goggo Aisa ta aika a tambaye shi ko shi ne ke jinyar.

Da yamma kuwa muke taruwa a tsakar gidan Malam. Da an idar da magariba, Goggo Aisa ta jera mu a tabarma, masu ci a gefe ɗaya, masu ɗigawa a ɗaya gefen. Ta kawo kayan gida ta ajiye a ɗan nesa, yau ludayi da tsintsiya, gobe muciya da faifai, tana sauyawa don kada mu haddace. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Mi kike gani?" Mu kuwa mu yi ta cinta. Wata ta ce kyanwa, ashe tulu ne. Wata tsohuwa kullum amsarta guda, "Ina ganin ikon Allah." Ban taɓa zaton za a yi raha a wurin jinya haka ba. Mata daga garuruwa dabam-dabam, ba mai ganin fuskar 'yar uwarta, muna ta dariya har masu rakiya su zo su ja mu gida.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, wata yamma Goggo ta zo kan Ige. Ige ta zura ido, sannan ta ce, "Ludayi na, kuma bakinai ya karye." Goggo ta ɗauko wani abu ta ajiye, Ige ta ce mafici. Ta ɗaga yatsu, Ige ta faɗi yawansu. Kashegari wasu daga cikin masu ci suka bi bayanta, har da tsohuwa mai ganin ikon Allah. Mu masu ɗigawa kuwa muna nan jiya i yau. Na taya Ige murna da zuciya ɗaya, amma da na koma masauki na yi kuka, irin kukan da ba hawaye.

Malam bai ja lokaci ba. Da safe ya sa aka tara mu, ya yi magana ta bayan asabari.

"Ya isa haka nan. Alhamdu lillahi, mun ga abin da muke nema. Ku da kunka ɗiga, kun yi haƙuri, kuma da haƙurinku anka gane. Ladarku ba ta kasa ta kowa ba. Daga yau kowa ta ci."

Ga ni ga hanta. Loma ta farko ba ta kai maƙogwaro ba ta dawo. Ta biyu ma haka. Na ce wa Inna a bar ni, ba zan iya ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki hantar ta fita. Na ji ta tana daka a bayan ɗaki. Ashe ta gasa ta ne sosai ta bar ta ta huce, ta daka da ƙuli-ƙuli da citta da barkono, ta yayyafa ruwan tsamiya mai kauri, ta mulmula ƙanana kamar 'ya'yan magarya. Ta zauna a gabana da moɗar ruwa.

"Buɗe baki. Kada ki tamna, haɗiye za ki yi. In kinka mayas, ina da wata."

Na haɗiye, wannan karon hantar ta zauna. Inna ta ba ni wata. Haka ta yi ta yi da ni kamar 'yar yaye, safe da yamma, tana ba ni labarin mutanen da, don hankalina ya bar abin da ke bakina. Maigida ya leƙo ya tambaya ko akwai saura, ta ce masa ya je ya ci gaba da fura, lokacinsa ya wuce.

Sambo kuwa zawonsa ya tsaya, ya fara zama, ya fara neman abinci. Ranar da ya buɗe ido muka gani. Na dama garau, na hagu kuwa mikin ya warke ya bar fari a tsakiya. Goggo Aisa ta ce wannan ba zai dawo ba. Ige ta rungume shi ta daɗe, sannan ta ce mini, "Da mun zo tun shina laluben ƙwarya da magariba, da biyu zai koma da su gida. Amma na zo ina zaton ba ni komawa da shi sam. Na gode Allah." Kafin mu rabu, yaron nan yana bin 'yan awaki da gudu a tsakar gidan Malam, ba mai iya kama shi.

Tawa ranar ta zo ba da daɗewa ba. Muna jere a tabarma bayan magariba, Goggo ta ce, "Kulu, mi kike gani?" Na buɗe baki zan yi cinta kamar kullum, sai na ga duhun ya yi shara-shara kamar tsohon zane. Ga faifai, ga maburgi a kansa. Na ɗaga kai, na ga bangon gida, na ga rufin rumbu. Sannan na ga Inna tsaye a bayan Goggo Aisa, tana juya hannayenta biyu a iska kamar mai burga miya, tana turo baki wajen faifan.

Na ce, "Maburgi na bisa hwaihwai. Inna, mi kike yi haka?"

Masu rakiya suka fashe da dariya. Ashe tun ranar farko haka take yi. Kullum in an zo kaina sai ta laɓe bayan Goggo tana kwatanta mini amsar da hannu. Kowa na ganinta, ba wanda ya hana ta, tunda ni da ake nuna wa ba gani nake yi ba. Inna ta sauke hannunta ta ce ita miƙa take yi, bayanta ya gaji. Sai kuma ta zo ta durƙusa ta kama kaina da hannu biyu tana hamdala. Ran nan da ƙafata na koma masauki ba mai riƙe da ni, ina kallon komai a hanya kamar baƙuwa, har baƙin hannun marina da ke wanke-wanke a bakin karofi.

Da muka je sallama, maigida ya ɗauki abin da ya rage mana zai ba Malam, Malam ya ce a mayar, a saya mini man shanu da shi. Ya ce bai san abin da Allah Ya ajiye a cikin hanta ba, wataƙila wani zai gano bayansa. Amma yana zaton akwai irinsa a nono da man shanu, da ɗanyen ganye, da kifi, tunda masu cin waɗannan ba su cika yi ba. Wannan zato ne, in ji shi, bai tabbatar ba tukuna. Ya roƙe mu mu gwada a gida, kuma duk abin da muka gani, mai daɗi ko mara daɗi, mu aiko masa da labari.

Ruwan farko a hanya ya same mu, muka iso Tursa jiƙe sharkaf muna dariya. Ƙanen maigida ya tara gayya sun share gonar, sai shuka kawai. Allah Ya saka musu. Ba a jima ba tafasa da rama da lalo suka fito, Fulani suka dawo da shanunsu. Inna ta sa ni gaba da kwaɗon ganye da fura da nono. Kumfar ta ɓace, fatata ta yi laushi. Ranar da na yanka albasa hawaye ya zubo mini shar, na fito tsakar gida ina nuna wa kowa. Da rani ya zagayo maigida ya kafa jigon ban ruwa a bakin fadama, ya keɓe 'yan fangali na rama da kabushi don gida. Na yi ciki sau da yawa bayan wannan, dundumi bai sake zuwa mini ba.

To ga abin da nake so a riƙe. In mai ciki ko mai goyo ta fara laluben bango da magariba, ko yaro ya daina wasa da rana ta faɗi yana neman ƙwaryarsa da hannu, a yi dariyar kwana ɗaya in an ga dama, amma kada a jira haihuwa ko damina. Kada a tsaga fuskar kowa. A nemi hanta, ko da rance ne, a gasa a ba shi ya ci. In an ga fari-fari a ido, to sai gaggawa, don ido bai da wuyar tafiya.

Na haihu gero na fitar da kai, 'ya mace, lafiya lau. Ranar suna aka yanka rago. Mai fiɗa yana cire hantar zai ajiye ta cikin rabon maza, sai ga Inna ta fito zaure da faifai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce a sa mata a nan. Dattawa suka dubi juna, wani ya ce ai ba haka aka saba ba. Ta ce to a fara sabawa yau. Ta gasa da kanta ta yanka, ta aika gidajen masu ciki da masu yaye na unguwa. Aka yi ta tsegumi, amma suna na gaba da aka yi a unguwar, uwar gidan ta aiko wa Inna da hanta ta raba. Har yanzu haka ake yi a wajenmu.

Mun aika wa Malam Buhari da albishir ta hannun mai fataucin gishiri. Bayan kasuwa biyu ya dawo, ya yi sallama ya tsaya daga zaure. Ya ce Malam na yin barka, ya yi wa jaririya addu'a mai tsawo, Goggo Aisa ta aiko da ɗan zane. Sai ya yi gyaran murya ya ce akwai kuma tambaya, kuma an ce kada ya koma Wurno ba amsa. Malam na son ya san abin da na ci har na haihu, da ko nonona ya wadata, da ko yarinyar tana bin haske da ido.

Inna ta ce, "Wanga malami ko ranar ƙiyama sai ya tambayi mala'iku miyar da sunka sha."

Na ɗauki 'yar na fito da ita bakin ƙofar ɗaki. Hantsi ne, rana ta faɗo a kan randa tana walƙiya a bango. Ta yamutsa fuska, ta buɗe ido, ta juya kanta a hankali wajen hasken ta tsaya tana kallo. Na matsa gefe, ta sake juyowa ta nemo shi.

Na ɗaga murya yadda zai ji daga zaure na ce, "Ka hwaɗa ma Malam tana bi."